Me Ya Hana Iskar Duniya Tsiyayewa Zuwa Sararin Samaniya?

Duk lokacin da aka harba kumbo aka nuno hoton duniya daga sama, akan ga wani siririn zare shuɗi ya kewaye ta, daga bayansa kuma sai baƙin duhu. Shuɗin zaren shi ne iskar da ke lulluɓe da duniya. Duhun kuwa sarari ne fanko wanda kusan babu komai a cikinsa. Tsakaninsu babu bango, babu murfi.

Daga nan tambayar take tasowa, kuma tambaya ce mai ma'ana. Kowa ya san idan ƙusa ta huda taya, iska fita take yi nan take, domin iska kullum daga inda ta matsu take gudu zuwa inda ta samu sarari. To ga duniya cike da iska, ga sararin samaniya fanko wanda ba a san iyakarsa ba. Me ya hana tamu fita? Wasu sukan tsaya a mamaki. Wasu kuma sukan wuce nan su yanke hukunci cewa ɗaya daga cikin biyu ne: ko dai akwai wani rufi mai ƙarfi a sama da ake ɓoyewa, ko kuma sararin samaniya ba fanko ba ne yadda ake faɗa.

Amsar da masana kimiyya ke bayarwa gajera ce: ƙarfin janyowa ne ke riƙe da ita. Sai dai gajartar amsar ce ke sa mutane da yawa ba sa gamsuwa, domin ba ta nuna yadda abin ke faruwa ba, ba ta kuma faɗi cewa riƙon ba cikakke ba ne.

## Abubuwa uku da ya kamata a fara tantancewa

Ƙarfin janyowa shi ne jan da kowane abu mai jiki yake yi wa wani abu mai jiki. Gwargwadon yawan abin da ke cikin jiki, gwargwadon ƙarfin jansa, kuma jan yana raguwa idan aka yi nisa. Isaac Newton ne ya tsara lissafinsa a 1687. A doron ƙasa, abin da aka saki daga sama saurinsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Wannan ja ba ya zaɓe. Yadda yake jan dutse haka yake jan ruwa, haka yake jan iska. Kuma ba shi ne maganaɗisu ba, wanda ƙarfe da makamantansa yake kamawa, ko da yake maganaɗisu zai shigo maganar nan gaba ta wata ƙofa.

Na biyu, iska abu ce mai nauyi. Tarin ƙananan ƙwayoyi ce da ido ba ya gani, kashi 78 cikin 100 naitirojin, kashi 21 oksijin, ragowar kuma agon da kabon dayoksaid da wasu, ban da tururin ruwa wanda yawansa ke sauyawa. Ƙwayoyin ba sa zama wuri ɗaya. Gudu suke yi ta ko'ina, suna karo da juna, suna dukan duk abin da suka tarar. Jimillar wannan duka ita ce matsin iska. A daidai gaɓar teku, iska tana danna kowace murabba'in santimita da ƙarfin kusan kilo ɗaya, wato kusan tan 10 a kan kowace murabba'in mita. Ba ma jin nauyin ne saboda iska da ruwan da ke cikin jikinmu suna turawa daga ciki daidai da yadda ake danno mu daga waje.

Na uku shi ne fanko, wato wurin da babu ƙwayoyin ko kuma sun yi ƙaranci ƙwarai. A nan ne kuskuren ya fi yawa.

## Fanko ba ya zuƙar komai

Mutane sun ɗauki kusan shekara dubu biyu suna bin ra'ayin masanin Girka Aristotle cewa halitta ba ta yarda da fanko, duk inda ya so samuwa sai wani abu ya ruga ya cike gurbin. Da wannan ake fassara yadda famfo ke ɗaga ruwa. Amma masu aikin famfo a Italiya sun lura da abin da ra'ayin ya kasa bayyanawa: komai kyan famfon zuƙa, ba ya ɗaga ruwa ya wuce kimanin mita 10. In da fanko ne ke ja, me zai sa ƙarfinsa ya tsaya a nan?

Evangelista Torricelli, wanda ya yi aiki da Galileo, shi ya juyar da tambayar a wajajen 1643. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya toshe bakinsa, ya kifa shi cikin wani mazubin zaiba. Zaibar ta sauko ta tsaya a tsawon santimita 76, ta bar fanko a saman bututun. Fassararsa ita ce, ba fankon sama ne ke riƙe da zaibar ba. Iskar waje ce ke danna zaibar da ke cikin mazubi, ta tura ta cikin bututun, kuma iyakar ƙarfin iskar ke nan. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6. Idan aka ninka santimita 76 sau 13.6, za a samu mita 10 da ɗoriya, daidai inda famfo ke gajiya.

Blaise Pascal a Faransa ya ga cewa in har nauyin iska ne ke aikin, to a kan dutse, inda iskar da ke saman mutum ta ragu, dole zaibar ta sauka. A watan Satumba na 1648 surukinsa Florin Périer ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu. Zaibar ta sauka da kusan santimita 8. 'Yan shekaru bayan haka, Otto von Guericke na birnin Magdeburg a Jamus ya haɗa rabin ƙwallo biyu na tagulla baki da baki, ya fitar da iskar ciki, aka ɗaura dawakai ta kowane gefe suka ja, suka kasa raba su. Da aka buɗe wa iska hanya ta koma ciki, sai suka rabu cikin sauƙi. Babu abin da ke jan su daga ciki. Iskar waje ce ta matse su.

Abin da waɗannan gwaje-gwaje suka tabbatar shi ne, fanko ba shi da hannu. Rashin abu ba ya iya jan abu. Duk abin da muke kira zuƙa, a haƙiƙa turi ne daga ɗaya gefen. Wanda ke jan ruwan allura cikin sirinji sarari kawai yake buɗewa, iskar waje ce ke tura ruwan. Huhu ma haka yake aiki.

Da wannan tambayar ta sauya kama. Ba a neman sanin me ya hana sararin samaniya zuƙe iskarmu, tun da ba zai iya ba. Abin tambaya shi ne, tun da iska na tura kanta da kanta ta kowane gefe, har da sama, me ke mayar da ita?

## Iska ce ke danne iska

A ɗauki wani siririn falle na iska a tsayin kilomita ɗaya. Iskar da ke ƙarƙashinsa tana tura shi sama. Iskar da ke samansa tana danno shi ƙasa. Shi kansa yana da nauyi, duniya na jansa. Matsin ƙasa ya fi na sama, amma da kaɗan ne, kuma wannan ɗan bambancin daidai yake da nauyin fallen. Saboda haka ba ya tashi, ba ya faɗuwa. Fallen da ke samansa ma haka, wanda ke bin sa ma haka, har zuwa can ƙoli. Kamar a jibge buhunan auduga ne ɗaya kan ɗaya: na ƙasa ya fi matsuwa saboda shi ke ɗauke da kowa, na can sama kuwa sakayau yake domin babu abin da ke kansa.

Wannan ne ya raba duniya da taya. A taya, matsi mai yawa da matsi kaɗan suna maƙwabtaka, 'yar roba ce kawai tsakaninsu, shi ya sa huda ɗaya ke isa. A duniya babu inda cikakken matsin gaɓar teku yake fuskantar fanko ido da ido. Matsin raguwa yake yi sannu a hankali. A tsayin kilomita 5.5 ya koma rabi. A ƙololuwar dutsen Everest, mita 8,849, ya koma kusan kashi ɗaya bisa uku. A kilomita 11 bai kai kwata ba. Kafin a wuce kilomita 30 da kaɗan, an bar kusan kashi 99 cikin 100 na nauyin iskar duniya a ƙasa. A kilomita 100, inda aka saba cewa nan sararin samaniya ya fara, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Wannan iyaka ta kilomita 100, wadda ake kira layin Kármán, yarjejeniya ce ta mutane. Babu wani abu a wurin da kumbo zai ji ya ratsa.

Saboda haka iskar da ke "fuskantar" fanko a can sama ita kanta ta kusa zama fanko. Ba ta da matsin da za ta yi wani turi da shi.

Masu cewa dole sai da rufi suna kafa hujja da wata doka ta gaskiya: iskar gas tana bazuwa ta cika duk mazubin da aka sa ta. A ɗakin gwaji haka abin yake, kuma wanda ya kawo wannan hujja bai yi ƙarya ba. Inda hujjar ta gaza shi ne, an tsara wannan magana ne don ƙananan mazubai, inda tasirin janyowa bai taka kara ya karya ba. Ko a nan ɗin, idan aka auna da kyau, matsin ƙasan mazubi ya ɗara na samansa. Wayoyin hannu da yawa suna da ma'aunin matsin iska, kuma wanda ya hau bene da irinsu zai ga lambar tana sauka hawa bayan hawa. Akwai kuma tambayar da ra'ayin rufi bai amsa ba. Idan murfi ne ke riƙe da iska kamar cikin tukunyar gas, matsi zai zama kusan ɗaya ko'ina, a kwari da kan dutse. Raguwar da kowane mahayin dutse da kowane matuƙin jirgin sama ke aunawa tana buƙatar wani abu mai ja zuwa ƙasa, ko da rufi ko babu. Idan kuwa an yarda da mai jan, rufin ba shi da sauran aiki.

Akwai masu tambaya ko ƙarfin janyowa na kaiwa can sama, ganin yadda 'yan sama jannati ke shawagi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tsayin kimanin kilomita 400, kuma a can jan duniya yana nan da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa. Shawagin da suke yi faɗuwa ce: su da tashar suna faɗowa tare, amma gudun da suke yi a kaikaice, kusan kilomita 28,000 a awa, yana sa kullum suna kewaya duniya maimakon su same ta. Juyawar duniya ma ba ta iya watsar da iskar. Ko a kan layin da ya raba duniya arewa da kudu, inda juyin ya fi sauri, abin da yake ragewa daga nauyin abu bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

## To me ya hana ta zubowa ƙasa gaba ɗaya?

Tambayar tana da ɗaya fuskar da ba a cika yi ba. Idan duniya na jan iska, me ya sa ba ta kwanta a ƙasa kamar ruwa ba? Zafi ne. Zafin iska ba wani abu ba ne illa gudun ƙwayoyinta. A yanayin zafi na yau da kullum, ƙwayar naitirojin tana gudun kimanin mita 500 a sakan. Da za a harba abu sama da wannan sauri ba tare da ya yi karo da komai ba, zai kai kusan kilomita 13 sannan ya juyo. Ba mamaki ke nan da mafi yawan iskar duniya take cikin kilomitoci goma sha na farko. Kaurin bargon iska sulhu ne tsakanin zafi mai watsawa da nauyi mai tattarawa.

Kafin wani abu ya bar duniya ba dawowa, sai ya kai gudun kilomita 11.2 a sakan. Wannan shi ne saurin kuɓuta, kuma ya ninka gudun naitirojin fiye da sau 20. Amma ƙwayoyi ba gudu ɗaya suke yi ba. James Clerk Maxwell ya nuna a 1860 cewa a cikin kowace iska akwai masu nawa, akwai matsakaita, akwai 'yan tsiraru masu matuƙar sauri. A ƙasa saurin ba ya amfanar ƙwaya, domin kafin ta je ko'ina ta yi karo da wata. Sai daga kimanin kilomita 500 zuwa sama, inda iska ta yi sirantar da ƙwaya za ta iya tafiya ba ta haɗu da kowa ba, wadda ta kai saurin kuɓuta kuma ta fuskanci sama takan tafi ke nan. Masanin Ingila James Jeans ne ya yi fice da lissafin wannan nau'in yoyo a farkon ƙarni na 20.

Nauyin ƙwaya ne ke raba gardama. A zafi ɗaya, ƙwaya marar nauyi ta fi gudu. Masana na amfani da wani ƙiyasi: idan saurin kuɓuta ya ninka matsakaicin gudun ƙwaya kamar sau shida, duniyar za ta riƙe wannan iska na biliyoyin shekaru. A can saman, inda hasken rana ke kai zafi ɗaruruwan digiri, ƙwayar haidirojin, iskar da ta fi kowace rashin nauyi, tana gudun kusan kilomita 5 a sakan, ta hiliyam kimanin 2.5, ta oksijin kuwa 1 da ɗan kai. Oksijin da naitirojin suna cikin aminci. Haidirojin da hiliyam ba sa ciki.

Don haka gaskiyar magana ita ce duniya tana yoyo. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin kilo 3 na haidirojin da giram 50 na hiliyam a kowane sakan, wato wajen tan 95,000 na haidirojin a shekara. Lambar tana da girma a kunne. Amma nauyin iskar duniya ya haura tan miliyan biliyan 5, kuma haidirojin ɗin da ke fita mafi yawansa daga ruwa da wata iskar gas da ake kira mitan yake. A wannan sauri, kafin a ƙarar da haidirojin da ke cikin tekuna sai an haura shekara tiriliyan ɗaya, alhali duniyar kanta shekararta biliyan 4.5.

Wani abu da ke rage asarar shi ne sanyi. Daga kilomita 10 zuwa 17, gwargwadon yanki, akwai wani falle mai tsananin sanyi, ƙasa da digiri 50 a ƙarƙashin sifili. Tururin ruwan da ya taso yakan daskare kafin ya wuce nan, ya dawo ƙasa. Kaɗan ne ke tsallakewa zuwa inda hasken rana zai farfasa shi ya saki haidirojin. Wannan tarkon sanyi yana daga cikin manyan dalilan da suka sa har yau akwai teku.

## Abin da sauran duniyoyi ke nunawa

Idan bayanin daidai ne, ya kamata ya yi aiki a wasu wurare, kuma a nan ne ake gwada shi. Wata yana da saurin kuɓuta na kilomita 2.4 a sakan kacal, kuma da rana zafin doronsa na haura digiri 100. Ba shi da iskar kirki. Duniyar Makyuri ƙarama ce, ga ta kusa da rana, ita ma haka. Jupita kuwa, mai saurin kuɓuta kusan kilomita 60 a sakan, ta riƙe har haidirojin da hiliyam, su ne ma mafi yawan jikinta.

Taitan, babban watan duniyar Satun, shi ne ke nuna cewa girma kaɗai ba ya yanke hukunci. Saurin kuɓutarsa kilomita 2.6 ne, kusan ɗaya da na watanmu, amma yana da iskar naitirojin mai kauri wadda matsinta ya kai ɗaya da rabi na namu. Na'urar Huygens ta sauka a kansa a Janairun 2005 ta auna. Sirrin shi ne sanyi: digiri 179 a ƙarƙashin sifili, inda ƙwayoyi ke tafiyar hawainiya idan aka kwatanta da namu. Duk da haka Ganimid, watan Jupita, ya fi Taitan girma da nauyi, shi ma yana da sanyi, amma kusan ba shi da iska. Ke nan abin da wuri ya samu tun farkon samuwarsa, da abin da ya faru da shi bayan nan, su ma suna cikin lissafi.

Duniyar Mas ce ta fi jan hankalin masu bincike. Busassun hanyoyin koguna a doronta suna nuna ruwa ya taɓa gudana, abin da ba zai yiwu ba sai da iska mai kauri. Yau matsinta bai kai kashi ɗaya cikin 100 na namu ba. Saurin kuɓutarta kilomita 5 ne a sakan, kuma ta rasa garkuwar maganaɗisunta, wato ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da ita, tun kimanin shekara biliyan 4 da suka wuce. Kumbon MAVEN na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ya isa can a Satumban 2014, ya auna yadda guguwar rana, wato ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da rana ke fesowa, take yashe iskar Mas da kimanin giram 100 a sakan, kuma yashewar na ƙaruwa idan rana ta yi bori.

Daga nan ne aka samu saɓani tsakanin masana kansu. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne garkuwar maganaɗisu ce ke kare iskar duniyarmu, tana kautar da guguwar rana, rashin ta kuma shi ya tsiraita Mas. Masu ja da wannan suna nuna Benus, wadda ake gani da asuba ko magariba ana ce mata Zara. Ba ta da garkuwa irin tamu, ta fi mu kusa da rana, amma matsin iskarta ya ninka namu sau 92. Suna ƙara da cewa taurarin ɗan adam sun auna oksijin yana fita daga duniyarmu ta ƙarshen arewa da na kudu, inda layukan maganaɗisu suke buɗe, kuma yawan abin da Benus da Mas da duniyarmu ke asara ta wannan hanya a yau bai yi wani nisa da juna ba. Masu ra'ayin farko suna amsawa da cewa rana ta fi zafin rai a ƙuruciyarta, kuma ma'aunin yau ba ya wakiltar wancan zamani. Ba a rufe wannan muhawara ba. Abin da ɓangarorin biyu ba sa jayayya a kai shi ne, nauyin duniya shi ne ginshiƙi: Benus ta kusa kai mu nauyi, Mas kuwa kusan kashi ɗaya bisa goma ce.

Benus ɗin ma ta yi asara, amma ta ruwa. Zafin doronta ya kai digiri 460 da ɗoriya. Ma'aunin da aka yi na nau'in haidirojin mai nauyi a iskarta ya nuna ya ninka na duniyarmu sau 100 ko fiye idan aka gwada shi da marar nauyi, alamar cewa marar nauyin ya gudu ya bar mai nauyin. Masana na hasashen irin wannan makoma ga duniyarmu nan da kimanin shekara biliyan ɗaya ko fiye, lokacin da ƙarin hasken rana zai raunana tarkon sanyin nan.

## Inda abin ya taɓa rayuwar mutane

Raguwar matsi da tsayi ita ce ta fi shafar jama'a kai tsaye. Kason oksijin yana nan a kashi 21 ko a kan dutse, amma da yake iskar ta yi siranta, kowane numfashi kaɗan yake kawowa. Daga wajen mita 2,500 wanda bai saba ba yakan fara jin ciwon kai, jiri da haki. Mazauna wurare kamar La Paz a Bolibiya, mai tsayin kimanin mita 3,600, jikinsu ya saba. Ruwa ma yana tafasa da wuri a tudu, a ƙololuwar Everest wajen digiri 70, don haka dahuwa takan ɗauki lokaci.

Jiragen fasinja suna tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12, inda mutum ba zai wuce kamar minti ɗaya cikin hayyacinsa ba. Shi ya sa ake cusa iska cikin jirgi har matsin ya yi daidai da na tudu mai mita 1,800 zuwa 2,400, kuma shi ya sa ake cewa fasinja ya fara sa wa kansa abin shaƙar oksijin kafin ya taimaki wani. Toshewar kunne lokacin sauka daga wannan canjin matsi take. Jirgi da kumbo, ba kamar duniya ba, su ne ainihin masu kama da taya: ƙanana ne, janyowarsu ba ta riƙe komai, bango ne kawai ke tsare iskarsu. A Yunin 1971 wani bawul ya buɗe a kumbon Soyuz 11 na Tarayyar Sobiyet yana shirin dawowa, iska ta fice, 'yan sama jannati uku suka rasu.

Rashin iyaka tsayayya a sama yana da nasa tasirin kan taurarin ɗan adam. Ko a kilomita 400 akwai 'yar iskar da ke rage wa tashar sararin samaniya gudu, sai an riƙa ɗaga ta lokaci zuwa lokaci. Idan rana ta yi bori, saman iska yana ɗumama ya kumbura. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, guguwar rana ta kumbura iskar da suke ciki, 38 suka faɗo suka ƙone. Duk mai dogaro da tauraron ɗan adam don intanet ko hasashen yanayi yana da ruwa da tsaki a wannan.

Hiliyam kuma, da yake duniya ba ta iya riƙe shi, wanda ake amfani da shi daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi tare da iskar gas, inda ya taru cikin miliyoyin shekaru daga ruɓewar yuraniyam da toriyam. Asibitoci na buƙatarsa don sanyaya na'urar hoton MRI. Wanda aka saki a iska ya tsinke, ba a iya tattaro shi da araha, daga ƙarshe kuma sama zai yi.

Akwai tsoro iri biyu da wannan bayani ke kawarwa. Rokoki ba sa huda sama, domin babu fatar da za a huda. "Ramin" ozon da aka gano a saman Antatika a 1985 ma ba ƙofa ba ce da iska ke fita ta ciki. Raguwar wani nau'in oksijin ne mai tare hasken rana mai cutarwa, kuma yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana sinadaran da ke cinye shi.

Sai dai riƙon da ke tsare mana oksijin shi ne kuma ke tsare abin da muke fitarwa. Mutane da yawa suna ɗauka hayaƙin da ya tashi sama ya ɓace ke nan. Ƙwayar kabon dayoksaid ta fi ta oksijin nauyi, ta ninka ta haidirojin sau 22, ba ta da hanyar kaiwa saurin kuɓuta. Ba ta kuma kwanciya a ƙasa duk da nauyinta, domin kaɗawar iska tana cakuɗa komai har zuwa tsayin kimanin kilomita 100. Mafitarta tana ƙasa: teku ya sha wani kaso, tsirrai su ɗauki wani, duwatsu su haɗiye saura cikin dubban shekaru. Kafin juyin masana'antu yawanta a iska kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420.